Wardin Mushe da Buhun Yaya

Fim ɗin Indiya ne ya ja mini. Wani dare muna shan iska a tsakar gida, uwargida ta jingina wayarta da buta tana kallon irin fassarar nan da yara ke turawa a bakin kasuwa, sai jarumin ya durƙusa ya miƙa wa jarumar jan fure. Ba ta ko waiwayo ba ta ce, "Allah sarki! Wasu kuwa ko karan dawa ba a taɓa miƙa musu ba." Na duba dama, na duba hagu, ban ga wasu a gidan ba sai ni.

Da wani mijin ne, dariya zai yi a wuce wurin. Wani kuma ya tafi kanti ya sayo furen roba, wanda ba ya neman ruwa balle taki, a kafa shi bisa kabad ya shekara yana shan ƙura. To ni malamin lakwal ne. Ni ke tsayawa gaban allo ina zana saiwa da kara da ganye, har da kibiyoyi masu nuna inda ruwa ke bi. Bai kamata a ce mai wannan ilimi ya ɓuge da roba ba. Na ƙudura a raina zan shuka wardi a gidana, nan cikin garin Agye, in tsinko da hannuna in miƙa, ko da ba zan durƙusa ba saboda gwiwa.

Ƙarshen wata da na shiga Maraɗi karɓar albashi, na biya wurin masu sayar da dashe a bakin titi, waɗanda ke jera baƙaƙen ledoji a inuwar bedi. Ga mangwaro, ga gwaiba, ga lemo, sai can gefe wasu 'yan sanduna masu ƙaya, ɗaya da ɗan jan fure a ka. Na sayi biyar. Mai dashen na ƙirga mini canji ya faɗi maganar da har gobe nake riƙe da ita a matsayin hujja: "Mushe, wardi maci ne. In ka ba shi, zai ba ka." Bai ce nawa ba. Bai ce yaushe ba. Duk wanda zai yi shari'ar abin da ya biyo baya, daga nan ya kamata ya fara.

Kilomita wajen 80 ne daga Maraɗi zuwa Agye, kuma da kwali bisa cinya na yi su, a kujerar da aka yi don mutum uku aka zuba mana biyar. Ba mu kai Cadawa ba wani reshe ya leƙo ya kama mayafin wata Hajiya da ke gefena. Ta ja, ya riƙe. Na sa hannu in raba, ya kama ni ni ma. Da aka samu aka kwance ta, sai ta leƙa kwalin, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bawan Allah, ƙaya ka sayo? Da kuɗi?" Wani dattijo a baya ya ce a garinsu kyauta ake sara, har a gode maka. Yaron mota ya ce da ya sani da ya caje ni kuɗin mutum biyu, tunda kayan nawa na cizo.

A gida ma ba ta sake zane ba. Na haƙa ramuka biyar a jikin katangar yamma, na dasa, na kewaye da tsohon gidan sauro saboda awaki, sai ga maƙwabta sun shigo kallo. Tambayar kowa ɗaya ce: me ake ci a jikinsa? Ana miya da ganyen? Yana 'ya'ya? Yana maganin basir? Da na ce fure kawai yake yi, sai aka yi shiru irin na ta'aziyya. Nan na zaro makamina. Na ce wannan da kuke gani, danginsa ne ake nomawa a duwatsun Ɗa'ifa, a tsinke shi da asuba a tace, kuma ruwansa ake gaurayawa da Zamzam in za a wanke Ɗakin Allah. Limamin unguwa ya ce haka ne. Daga ranar ba wanda ya sake zagin wardina a gabana, sai dai in na ba da baya.

Sun kama, alhamdu lillahi. Amma ƙasar gidana jigawa ce, rairayi tsantsa, irin wadda za ka zuba mata bokiti ta shanye kafin ka ajiye shi. Har bazara ta kama, wardi na nan jiya i yau: ganye huɗu, ƙaya arba'in. Sai maganar mai dashe ta faɗo mini. Yunwa ce.

A nan sai na gabatar da Yaya. Yayana manomin aya ne a ƙasar Gazawa, kuma tun da aka ɓalle Gazawa daga Agye ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011, ya daina cewa "mu", sai "ku mutanen Agye", alhali ciki ɗaya muka fito. Duk wanda ya san noman aya ya san ba ta yi sai da takin zamani. Ita ce amfanin da ke kawo wa mutanen yankin nan kuɗi a dunƙule in 'yan kasuwa suka kwasa zuwa Najeriya, amma kafin a kai ga ƙona ganyenta a tona a tankaɗe rairayi, sai ta ci buhu ta nemi ƙari. Tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya tayar da farashi a 2022, Yaya ya koyi sayen takinsa tun da rani, kuma ba ya kai shi gida. Ya ce in ya kai Gazawa, 'yan "a ba ni tiya ɗaya" za su cinye shi kafin ruwan shuka. Saboda haka a ɗakina mai siminti yake ajiyewa, wurin ƙanensa mai ilimin boko, wanda ba ya noma balle ya yi sha'awa.

Buhu biyu na kamfa, wato mai lamba 15-15-15, ɗaya na yuriya. Na tsaya a kansu ina nazari irin na masana. Kamfa launinsa duƙu-duƙu ne, lambobinsa kuma ƙanana. Yuriya kuwa fara tas, ga 46 an rubuta ɓaro-ɓaro a jikin buhu. Ko ɗan aji biyu ya san 46 ta fi 15. Na warware bakin buhun a hankali, na ɗebi tiya biyu, na mayar da zaren na ɗinke yadda na same shi. Aro ne. Niyya kuma ita ce abin dubawa.

Ran Asabar ce, bayan azahar, cikin Afrilu, lokacin da ko ƙadangare ke neman inuwa. Na tara farin takin a gindin kowane dashe, na yi masa tudu har ya taɓa kara, don kada saiwa ta wahala wajen nema. Ban zuba ruwa ba, saboda na lura ruwa na narkar da shi, ni kuwa ba na son asara. Ɗaya kaɗai ya tsira da ɗan kaɗan, shi ma don tiya ta ƙare ne kafin in kai kansa. Har na ba shi haƙuri.

Kafin Litinin bakin ganyen ya soma ƙonewa. Kafin Juma'a in ka taɓa ganye sai ya marmashe a hannunka. Tsakar gida ta ɗauki wani wari mai hawa ka, har uwargida ta kama ƙaramin yaronmu da laifin da bai yi ba. Biyu suka bushe ƙurmus. Uku suka rage, ba su mutu ba, ba su kuma yi kama da masu rai ba.

A fadarmu ta shan shayi akwai wani malamin gona. Na kai masa ganye a takarda, na ce ina zargin dashen jabu ne aka sayar mini. Ya murza, ya sansana, ya ce, "Mushe, nawa ka zuba?" Na faɗa. Ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "A gona?" Na ce a'a, a rami biyar. Sai da mai dafa shayi ya buga masa baya kafin ya dawo daidai.

Da ya samu numfashi ya ce takin zamani gishiri ne. Ka yanka tumatir ka barbaɗa masa gishiri, me kake gani? Ruwa ya fito. To haka yuriya ta yi wa saiwar: maimakon saiwa ta sha daga ƙasa, ƙasa ce ta koma tana shan saiwa, ga kuma rana na ja daga sama. Lambobi ukun da na raina a jikin kamfa, ya ce, na farko na ganye ne, na biyu na saiwa, na uku na fure da ƙarfin jiki. Yuriya kuwa na farkon kaɗai gare ta, shi ne 46 ɗin. Sai ya tsinci marfin kwalbar lemo a ƙasa ya ɗora mini a tafin hannu. Ya ce wannan cike giram 6 ne na kamfa, ko kusa. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, su da abokan aikinsu, sun daɗe da nuna cewa marfi ɗaya a ramin hatsi ranar shuka, ko giram 2 na DAP, abin da yatsu uku za su tsinka, ya isa ya ɗaga amfani a irin wannan jigawar tamu mai ƙarancin sinadarin saiwa. Rami 10,000 a hekta, kilo 60 ke nan, buhu ɗaya da ɗan ɗori. Da wannan dabara, da shagunan kayan noma na ƙauye da hukumar FAO ta taimaka aka buɗe, talaka ya samu ya riƙa sayen taki a ƙulli maimakon buhu. Wardi ma, in ji shi, marfi ɗaya ko biyu ne a wata, da yamma, bayan an jiƙa ƙasa, a barbaɗa nesa da kara da taƙi guda, a rufe, a sake ba da ruwa. Kuma da sanyi, ba cikin bazara ba, don tsiron da ke fama da zafin da ya haura digiri 40 ba abinci ne a gabansa ba.

Na ce to ai mutanen Ɗa'ifa ma a ƙasar zafi suke. Ya ce Ɗa'ifa na bisa dutse, sama da mita 1,500, can mutanen Makka ke gudu shan iska. Masu noma wa Turai fure a Kenya ma a bakin tafkin Naibasha suke, can sama inda ake kwana da bargo. Na ce duk da haka ba a rubuta "ban da wardi" a jikin buhu ba. Ya ce ba a kuma rubuta "ban da shayi" ba.

Na dawo gida na yanke hukunci: takin Nasara ba ya jituwa da wardi. Za a koma na gargajiya. Na ƙirga dashen da suka rage na ga biyu maimakon uku. Uwargida ta ce ɗayan ya bushe ta tuge. Ban bincika ba, ina cikin juyayi.

Maƙwabcina na da akurki. Na roƙi kashin kaji, ya ba ni ɗanye, mai ɗumi, na kwanan jiya. Na haɗa da shara daga turken awaki, har da guntayen kara da ragowar harawa, na lafta. Bayan an gama aka gaya mini wai shi ma sai an binne shi a rami ya yi watanni ya ruɓe, ya huce, ya koma baƙar ƙasa, kafin ya kusanci saiwa. Masu wannan ilimin ban san inda suke shiga ba in mutum na kan aiki. Sai ya gama suke fitowa. Kashin kaji ya ƙone ɗaya. Karan kuma ya kira gara, ta zo ta yi gini a gindin marigayin, ta cinye shi, ta haɗa da sandar da na tokare shi da ita.

Ruwan farko na sauka lambuna ya yi kore shar. Na fito da safe na ga tsiro ko'ina, na ce abin nema ya samu, wardi ya haihu. Ashe duk abin da awakin unguwa suka ci da rani ne ya dawo: yakuwa, kuɓewa, tafasa, har da kankana guda. Uwargida ta kafa dokar ta-ɓaci a wurin. Wadda ba ta taɓa ɗaukar bokiti don wardi ba, sai ga ta da asuba tana cire ciyawa tana waƙe-waƙe. Daminar nan ba mu sayi kayan miya ba, kuma duk wadda ta shigo sai ta ce mata, "Ai lambun furen Malam ne."

Cikin tsiron akwai wani mai ƙananan ganye da 'yar farar ƙaya, dab da wardina na ƙarshe. Na ɗauko fartanya. Wani maƙwabcinmu mutumin Ɗan Saga, da ya shigo aron tsani, ya riƙe mini hannu. "Mushe, ajiye. Gawo ne." Akuya ta ci 'ya'yansa, ƙwayar ta bi ta cikinta ta fito a shirye. Na ce to a tsakar gidana? Ya ce a garinsu ko a kan gadonka ya tsiro sai dai ka matsa. Mutanen Ɗan Saga ba sa wasa da wannan; da sassabin zamani aka san su, wato barin kututture ya tofo a gona a rage masa rassa a rene shi, dabarar da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya soma yaɗawa a jihar Maraɗi tun 1983, har gonakin da suka zama fili suka sake yin itace. Kwamiti gare su na masu tsaron itatuwa. Ya tsaya ya yi mini huɗuba a kan gawo: yana zubar da ganye da damina lokacin da hatsi ke son rana, ya yi ganye da rani lokacin da dabba ke son inuwa, kuma hatsin da ke gindinsa ya fi na ko'ina. "Ga taki Allah ya aiko maka har gida, kyauta," in ji shi, "sai dai ka jira shekara goma sha." Ya ƙara da cewa in na tuge, shi ba zai kai ni wurin jami'an gandun daji ba, amma kuma in an tambaye shi ba zai yi ƙarya ba. Gawon na nan. Ya fi ni tsawo yanzu, kuma igiyar shanya ta koma wani gefen saboda shi.

Wardin da ya rage, wanda tiya ta ƙare kafin a kai kansa, ya samu ragowar yuriya da ruwan sama ya wanko masa daga maƙwabtansa, ya miƙe. Ya yi rassa, ya yi ganye manya masu sheƙi, ya haura katanga yana kama rigunan masu wucewa. Fure kuwa ko na rantsuwa. Malamin gona ya leƙo ya ce abincin ganye na ba shi, ganye kuma ya ba ni, ba a ci bashin kowa ba.

Cikin sanyin Janairu saƙo ya zo daga Tibirin Gobir, a gundumar Gidan Rumji, daga surukina. Yana da lambu a bakin Gulbin Maraɗi, inda yake noman zogale da tumatir da albasa a ƙasar fadama. Saƙon gajere ne: a gaya wa Malam ƙayarsa ta yi fure, ya zo ya gani. Na dubi uwargida. Ta ce, "Au, wai wancan da na tuge? Na ga da sauran kore a jikinsa ne, na ce bari in kai shi asibiti."

Na je. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe da Baba, gwiwar ba ta hana ba. Ya kai ni bakin rijiyar lambu. Ga shi nan, bai kai ƙuguna ba, amma jajayen furanni sun rufe shi, ƙamshi har bakin shinge. Na ce, "Baba, me kuka ba shi?" Ya ce, "Me fa? Abin da ake ba tumatir. Ruɓaɓɓen takin shanu tafi biyu, in wata ya kama a tsinka masa na Nasara da yatsu. Da ya yi mini tsawo na sare kansa." Na ce ai sarewar ma ilimi ce, a littafi an ce tana sa sabon reshe mai fure. Ya ce shi dai don kada ya yage masa riga ne.

Ina tsaye sai ga ɗan kabu-kabu ya faka, ya sha turare, ya miƙa wa wani jikan Baba dala ashirin, yaron ya yanko fure ɗaya ya naɗe gindin da takarda. Bai tafi ba wani ya iso. Ashe samarin Tibiri ma suna kallon fassara. Na miƙa hannu zan tsinki nawa, yaron ya ce, "Kawu, dala ashirin ne." Na dubi Baba. Baba ya dubi zogale. Suruki ba a ja da shi, balle a lambunsa. Na biya.

Na kawo shi Agye cikin gwangwanin madara da ɗan ruwa, na tsare shi da ƙirjina tun daga tasha. Na miƙa. Ta karɓa, ta sansana, ta yi murmushi, ta ce, "Allah sarki Baba. Ka gaishe shi da kyau dai ko?"

Shi kuwa Yaya, ranar da ya zo ɗaukar takinsa ya ɗaga buhun yuriya, ya sauke, ya sake ɗagawa, ya dubi ɗinkin, ya dube ni, bai ce komai ba. Yaya ba ya fushi, ajiya yake yi. Sai da shekara ta zagayo, aka ba da hutun lakwal, ruwan shuka ya sauka, sannan ya aiko a ce ina da aiki a Gazawa. Na tarar da shi a bakin gonarsa ta hatsi da ƙwarya cike da kamfa da marfin kwalba.

"Kai ne mai lissafi," in ji shi. "Tiya biyu, a ce kilo 5. Raba da giram 6."

Na ce 833, da 'yan kai.

"Na yafe maka 'yan kan. Ku mutanen Agye ba a cika matsa muku ba."

Ya shiga gaba da sungumi yana sara, ni a baya a duƙe ina zuba marfi, ɗansa na bi yana jefa iri yana take rami. Wajen rami na ɗari biyu wata amalanke ta wuce cike da yara, cikinsu har da 'yan ajina biyu da suka zo hutu wurin kakanninsu. Suka miƙe tsaye bisa amalanke, suka haɗa baki yadda na koya musu: "Ina kwana, Mushe!" Na ɗago zan amsa, marfin ya kife a rami ɗaya da wanda na riga na zuba.

Yaya bai ko waiwayo ba. Ya ce, "Wannan ba ya cikin lissafi. Tone."